Yadda Ake Tayar da Alƙalamin da Ya Ƙi Rubutu a Hunturun Bawku

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta sauko daga Sahara ta rufe Bawku da hazo, komai na gari bushewa yake yi. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, wanki ya bushe tun kafin a gama shanya. Damshin iska a arewacin Ghana a waɗannan watanni yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana. A wannan lokaci ne malamin makaranta, ko akawu, ko malamin zaure mai rubuta wasiƙa da ajami, zai zare alƙalaminsa mai shan tawada wanda shekaranjiya ya yi aiki da shi lafiya lau, ya ɗora a takarda ya ja, ba abin da zai fito sai karce. Da yawa a nan suke yanke masa hukunci, su jefa shi a durowa su koma ga biro. Abin yana ba ni takaici, domin mafi yawan waɗannan alƙaluma lafiyarsu ƙalau. Iska ce ta shanye musu ruwa, kuma ruwa ne maganinsu.

Kafin ka taɓa shi, ya kamata ka san abin da ke faruwa a ciki. Tawadar kwalba kusan dukkanta ruwa ce, sai ɗan rini da aka narkar a ciki. A ƙarƙashin bakin ƙarfen akwai wata baƙar roba mai siraran tsagogi, irin wadda Lewis Waterman ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Tawada tana bin waɗannan tsagogi ta gangaro, ta shiga tsagar da ta raba bakin gida biyu, ta kai tsini, iska kuma ta bi ta koma ciki ta cike gurbin abin da ya fita. Tawadar da ke tsinin ba ta kai ɗigo ɗaya ba, ita ce kuma ke fuskantar iska. Idan ruwanta ya tashi sai rinin ya yi kauri, kamar kunun da ya kwana a buɗe, ya toshe wa ta baya hanya.

Fara da abu mai sauƙi: buɗe gindin ka duba ko akwai tawada. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Bawku kan wuce digiri 40, alƙalamin da aka cika aka ajiye yana iya ƙafewa ba a rubuta ko harafi da shi ba. In akwai tawada, samo ruwa mai tsabta a marfin kwalba, ka tsoma tsinin kawai, ka ƙirga biyar, ka goge a tsumma mai laushi. Riƙe shi baki ƙasa na ɗan lokaci, sannan ka riƙa zana da'ira a takarda a hankali. Farkon abin da zai fito tsararo ne, daga baya launin ya dawo. In bai fito ba, matsa jakar robar da ke riƙe tawadar kaɗan, ko ka juya abin zuƙar, har ka ga tawada ta leƙo a gefen baƙar robar, sai ka tsaya. Alƙalamin da ya yi kwana biyu ko uku a ajiye yawanci a nan maganarsa take ƙarewa.

Akwai abin da hannu ke son yi a wannan gaɓa, kuma shi ke kashe alƙalami: dannawa. Mutum ya ga ba ya rubutu sai ya ƙara masa ƙarfi, yadda ya saba da biro. Biro ƙwallo ne da shi a baki, sai an murza yake saki. Wannan kuwa nauyin kansa ya ishe shi. Idan ka danna, ɓangarorin bakin biyu za su buɗe su ɗage daga jikin robar, tawada ta rasa inda za ta kama, kuma ƙarfen da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai cikin sauƙi. Haka ma buga shi a tebur, ko kaɗa shi da ƙarfi har tawada ta fantsama cikin marfi. Lasar bakin alƙalamin da harshe, wanda yara kan yi a aji, ƙazanta ce ga mutum da alƙalamin duka.

In ya yi makonni ko watanni a ajiye, sai wanki. Zubar da tsohuwar tawadar, kada ka mayar da ita kwalba. Yi amfani da ruwan leda ko ruwan sama da aka tace, domin ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin farin ɓurɓushi idan ya bushe. Ruwan ya zama mai sanyi ko na ɗaki. Ruwan zafi yana lanƙwasa roba. Zuƙa ka fesar, zuƙa ka fesar, har ruwan ya riƙa fitowa garau. Yana iya kai sau ashirin, kada ka gaji. In tawadar ta daskare ƙwarai, cire ɓangaren bakin ka jiƙa shi a kofi ya kwana, da ɗigo ɗaya tak na sabulun ruwa na wanke kwanuka, da safe ka ɗauraye har kumfa ta ƙare. Kalanzir da fetur da sifirit ba su da wuri a nan, suna cin roba su tsattsage ta. Bayan wanki, naɗe tsumma a gindin kofi, ka tsayar da alƙalamin baki ƙasa a kai, tsumman ya tsotse sauran ruwan. A hunturu awa kaɗan ya isa.

Yanzu batun tawada, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ne alƙaluman malamanmu suka fi mutuwa. Ƙasar nan ta daɗe da rubutu. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin Salaga na 1892 ya rasu a can a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausa, kuma al'adar da ya fito daga cikinta ta alƙalamin gamba ce da tawadar gida. Wannan tawada ana haɗa ta da baƙin gawayi ko na tukunya, a sa ƙaro domin ta kama allo ko takarda. Ga alƙalamin gamba babu kamarta, tunda tsomawa ake yi, in baki ya yi datti a kankare da wuƙa a ci gaba. Amma a cikin alƙalami mai shan tawada, gawayin nan gari ne da ba ya narkewa, ƙaro kuma manne ne. Su biyun in suka bushe a cikin tsagar da ba ta fi kaurin gashi ba, wani lokaci ko jiƙon mako guda ba ya fitar da su. Na san abin da ke kai mutum ga haka: tawadar kwalba ta ƙare, ba a samu a shagon unguwa ba, ga kuma ta allo a gefe. Ka yi haƙuri ka ba mai zuwa Tamale ko Kumasi sautu. Nemi wadda aka yi domin wannan alƙalami, irin su Quink ta kamfanin Parker, wadda take kasuwa tun 1931, ko Pelikan 4001, ko ta Hero. Tawadar hatimi da ta injin buga takarda da baƙar tawadar masu zane duk suna cikin waɗanda za ka nisanta.

Kwalbar kanta tana jin hunturu. In ta daɗe, ko marfinta bai rufu da kyau ba, za ka ga tawadar ta yi duhu ta yi nauyi. Ɗiga mata ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Wadda ta yi yauƙi ko ta canja wari, zubarwa ake yi.

To, ka wanke, ka sa tawada mai kyau, amma kullum da safe sai ya yi gardama. Duba marfi. A cikin marfin akwai wani ƙaramin marfi na roba wanda ke rufe bakin ruf. Sa marfin a bakinka ka hura a hankali: in iska tana wucewa salun-alun, to, ta nan ruwan ke tashi. Marfi mai murɗawa yakan fi mai turawa riƙe damshi, musamman in na turawar ya tsufa ya yi sako-sako. Parker 51, wanda ya fito a 1941, an lulluɓe kusan dukkan bakinsa da roba domin rage wannan bushewa, kuma Hero 616 na birnin Shanghai, mai araha, tsarinsa ya bi. Duk da haka marfin na arahar sau da yawa ba ya kamawa sosai. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka sa alƙalamin a ƙaramar ledar magani mai zif idan ka gama aiki. Wasu suna toshe ƙofar iskar da kakin zuma. Yana aiki, amma kada a yi wa alƙalamin yaro, domin a wasu marafan an bar ramin ne da gangan, saboda yaron da ya haɗiye marfi ya samu numfashi.

In marfi lafiya yake, ɗaga bakin ka kalli haske ta tsagar. Ya kamata ka ga siririn haske tun daga ɗan ramin tsakiya har kusa da tsini. In gashin takarda ya maƙale, zura yankin roba mai sirantaka, irin tsohon fim ɗin hoto, ka ja sau ɗaya ko biyu. Reza tana karce cikin tsagar, a bar ta. Akwai kuma alƙalamin da tun daga masana'anta aka goge tsininsa fiye da kima, har tawadar ba ta taɓa takarda a jan farko ko da yanzu aka cika shi. Wannan gyaransa na mai madubin ƙara girma ne da hannu mai sanyi. Goga shi a dutsen wasa wuƙa yana cinye ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri da ke tsinin, kuma in ya tafi ba ya dawowa.

Wani lokaci ma laifin yana kan takarda. A hunturu kowa yana shafa man kaɗe ko basilin, hannu ya kwanta a shafi ya bar maiƙo, tawada mai ruwa kuma ba ta kama wuri mai mai. Alamarsa ita ce alƙalami ya yi rubutu lafiya a saman shafi, ya fara tsallake a ƙasa inda hannu ya daɗe. Sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka kana jan ta yayin da kake sauka.

Wajen ajiya, kwantar da shi a durowa ko cikin jaka, a inuwa. In ka tsayar da shi baki sama na kwanaki, tawada takan koma ciki ta bar bakin a bushe. Aljihun gaban riga a kan babur da rana tsaka, daga Bawku zuwa Pusiga ko Garu, yana dumama iskar da ke ciki ta turo tawada cikin marfi, ta bushe a can. Da ka ɗaga hannu domin yin tunani ko amsa sallama, mayar da marfi, saboda a hunturu minti ɗaya ma yana isa tsini ya ƙafe. Rubuta ko layi ɗaya ne da shi kowace safiya. In kuma za ka yi tafiyar da ta wuce mako biyu, wanke shi, ka bar shi ya bushe, ka ajiye shi babu tawada, in ka dawo ka cika.