Nassin Nazari: Yadda Gudun Roka Ke Ƙaruwa a Sararin Sama

Idan maharbi ya saki kibiya, tunkuɗa ɗaya tak take samu daga tsarkiyar baka. Da zarar ta rabu da tsarkiya, babu abin da zai sake ingiza ta. Haka abin yake ga harsashi. Roka kuwa daban take, domin tana ɗauke da makamashinta, tana ƙona shi tana tafiya. Wannan ne ya sa lissafin tafiyarta ya sha bamban da na sauran abubuwan da ake harbawa.

Ƙarfi iri uku ne ke aiki a kan roka a lokaci guda. Na farko shi ne tunkuɗa, wato ingizawar da take samu sakamakon feso iskar gas mai zafi ta ƙasanta. Isaac Newton ya bayyana tushen wannan a 1687, inda ya nuna cewa duk abin da ya tura wani, shi ma wancan yana tura shi daidai gwargwado ta ɗaya fuskar. Roka na tura gas ƙasa, gas na tura roka sama. Ke nan ba iskar duniya take dogarawa ba, kamar yadda ake yawan zato. Jaridar New York Times ta yi wannan kuskure a 1920, ta yi wa masanin Amurka Robert Goddard ba'a, ba ta janye maganarta ba sai a watan Yulin 1969. Sauran biyun su ne jan ƙasa, wanda ke fizgo roka zuwa tsakiyar duniya, da turjiyar iska, wadda ke tare mata gaba.

A nan ya kamata ɗalibi ya lura da wani tarko na harshe. Bahaushe yakan ce "gudu" ko "sauri", amma abin da ƙarfi ke haifarwa kai tsaye shi ne ƙaruwar gudu, wato abin da ake daɗawa a kan gudun a kowace daƙiƙa. Wanda ya fassara kalmomin biyu da "sauri" ya rushe darasin tun daga tushe. Ƙa'idar ita ce a ɗebe jan ƙasa da turjiyar iska daga tunkuɗa, sannan a raba abin da ya saura da yawan kayan da rokar ta ƙunsa.

Misalin rokar Saturn V zai fito da wannan fili. Ita ce ta ɗaga kumbon Apollo 11 ranar 16 ga Yuli, 1969, kumbon da Alhaji Mamman Shata ya yi wa waƙa. Nauyinta a ƙasa ya kai kimanin tan 2,900, tunkuɗar injinanta biyar kuma ta yi daidai da kimanin tan 3,450. Rarar ba ta taka kara ta karya ba, don haka ta tashi a hankali kamar mai jin nawa, gudunta yana ƙaruwa da ƙasa da mita 2 a kowace daƙiƙa. Sai dai kuma a kowace daƙiƙar tana cinye makamashi tan 13. Tunkuɗar ba ta ragu ba, sai ma ɗan ƙaruwa, alhali kayan da ake turawa suna ta raguwa. Turjiyar iska ta yi ta hauhawa har ta kai ƙololuwa bayan minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta fara ja da baya saboda iskar sama ba ta da kauri.

Bayan minti biyu da kwata, fiye da rabin nauyin rokar ya ƙone. A lokacin 'yan sama-jannatin suna jin jikinsu ya doshi ninki huɗu na nauyin da suka saba. Dole aka tsara kashe injin tsakiya kafin sauran huɗun, domin kada ƙaruwar gudun ta wuce abin da mutum da ƙarfe za su iya jurewa.

Malamin da zai gabatar da wannan nassi a aji ba ya bukatar ɗakin gwaji. Balan-balan ɗaya ta wadatar. A hura ta, a saki bakinta, sannan a nemi ɗalibai su faɗi da Hausa mene ne ya tura ta, kuma ta wace fuska.