Yadda Ake Gane Duwatsu Da Tara Su

A wannan shekara ƙungiyarmu ta kimiyya ta ɗauki aikin tara duwatsu domin ɗakin ajiya na wata makarantar koyon haƙar ma'adinai. A irin wannan ɗaki ne ɗalibi yake fara riƙa kuza da tama a hannunsa, tun kafin ya shiga rami. Ga abin da na koya a cikin aikin, ko wani zai taimaka mana lokacin hutu.

Da farko dai, launi ba abin dogara ba ne. Akwai wani ma'adini mai suna fairait, rawaya mai ƙyalli, wanda ya sha ruɗin mutane har su ɗauka zinariya ce. To, a goga shi a gindin kofin tangaran, wato wurin da ba santsi. Zai bar baƙin zane, ita kuwa zinariya zanenta rawaya ne. In aka buga masa guduma sai ya farfashe, zinariya kuwa sai dai ta baje. Haka kuma kuza da kolombait, waɗanda ake samu tare a ƙasar Jos. Dukansu baƙaƙe ne masu nauyi, amma zanen kuza fari-fari ne, na kolombait kuwa baƙi ne ko ja mai duhu. Da can masu haƙa zubar da kolombait suke yi, sai ga shi a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Sai kuma tauri. A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera ma'adinai goma, daga 1 mafi laushi zuwa 10, wato daimon. Farcen mutum yana wajen 2 da rabi, wuƙa wajen 5 da rabi, farar ƙanƙarar nan da muke tuntuɓe da ita a hanya kuwa 7 ce, shi ya sa take karce kwalba. Ni wannan gwaji ya fi burge ni, don ba ya bukatar ko kwabo. Maganaɗisu yana jan wata irin baƙar tama. Dutsen siminti kuma, irin na Kalambaina da Ashaka, in an kankare garinsa aka ɗiga ruwan lemun tsami sai ya yi 'yar kumfa.

Wajen ɗauka, a fasa dutsen a ɗauki ɓangaren ciki, domin rana da ruwan sama sun sauya bayansa. Kamar girman dunƙulen hannu ya isa. A naɗe kowanne daban a tsohuwar jarida, a sa takarda mai lamba, da sunan gari, da kwanan wata, da inda aka same shi, ko a rafi, ko a gindin tsauni, ko bakin rami. Wannan takarda ita ce rabin aikin. Dutsen da ba a san inda ya fito ba, komai kyansa, ba zai nuna wa mai bincike inda zai koma ya duba ba. A kuma nisanci kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, suna da zurfi ƙwarai.

Akwai dutse ɗaya da nake roƙon iyayenmu su lura da shi. Shi ne dutsen tozali, mai nauyi da ƙyallin azurfa, wanda yake fashewa gida-gida masu kusurwa huɗu. Ana haƙo shi a Zurak ta ƙasar Wase. Yawancin nauyinsa dalma ce, dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙananan yara. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu domin ana daka duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da ruwa. Saboda haka wanda ya samo irinsa kada ya lasa, kada ya daka, kada ya ajiye shi inda ƙannensa suke wasa. Ya ƙulle shi a leda, ya wanke hannu da sabulu, ya kawo mana ranar komawa makaranta.