Darasin Kimiyya: Yadda Saƙo Yake Tafiya a Fagen Yaƙi

Yara, ku natsu. Duk ranar 15 ga Janairu Najeriya kan tuna da 'yan mazan jiya. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yi, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, sai bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 aka mayar da bikin Janairu. Tambayar darasinmu ita ce: kafin wayar salula, ta yaya kwamanda yake isar da umarni ga sojan da ya yi masa nisa?

Mu fara da sauti. Kakanninmu sun yi amfani da tambari da kuge da kakaki. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa ɗaya cikin iska, yana kuma dusashewa da nisa. Haske kuwa kilomita 300,000 yake ci a daƙiƙa, shi ya sa kuke ganin walƙiya kafin ku ji tsawa. Sojoji sun ci moriyar wannan da madubi: a tari hasken rana, a yi ta ƙyalla shi ga na nesa. Amma ranar da hazo ya rufe Jega har ba a hangen ƙarshen kasuwa, madubi ba shi da amfani.

Sai wayar tangarahu, kuma a nan nake son ku buɗe kunnuwa. Kayanta huɗu ne: batir, makunni, doguwar waya, da guntun ƙarfe da aka naɗe da waya a ɗaya ƙarshen. Idan aka danna makunni, lantarki ya bi waya, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ƙarfe, a ji ƙas. Gajeren danni ɗigo ne, dogon danni layi. Da su Samuel Morse ya tsara haruffa, ya aika saƙo daga Washintan zuwa Baltimo a 1844. Raunin wayar tangarahu shi ne ana iya yanke ta, kuma haka Ingila ta yi wa wayoyin Jamus na ƙarƙashin teku a Agustan 1914, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Wannan ne ya ɗaga darajar Kamina a ƙasar Togo. Jamus ta gina tashar rediyo a can, mai magana da Nawen kusa da Barlin, nisan fiye da kilomita 5,000 ba tare da waya ba. Saboda ita sojojin Ingila da Faransa suka afka wa Togo. Jamusawa suka rusa tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta, 1914. Rediyo ma da nata aibin: duk mai na'ura yana ji, dole a ɓadda saƙo da lambobin sirri.

A Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Arewa da yawa sun je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. A kurmin Bama, da rediyo ake kiran jirgin sama ya jefo abinci da harsasai.

Aikin gida: ku haɗa batir da ƙwan tocila da waya. Harafin S ɗigo uku ne, O layi uku. Ku gwada aika su ga abokinku da dare. Sannan ku tambayi dattawan gidajenku, a Jega ko Aliero ko Maiyama, ko akwai kakanku da ya je Bama. Ku rubuto sunansa ku kawo ranar Litinin.