Darasi na Bakwai: Yadda Hausa ke Siffanta Sauti Mai Kaushi da Mai Tsananin Ƙara

7.1 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayani kan yadda ake furta sautukan Hausa. Shi kuwa wannan darasi zai dubi yadda harshen ke ba da labarin sautin da kunne ya ji, musamman wanda ba ya da daɗin saurare. Za a kwatanta Hausa da Latin, harshen Rumawan dauri, sannan a kawo misalai daga ƙasar Gobir, wato yankin Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato. Manufar ita ce ɗalibi ya gane cewa kalmar "ƙara" ita kaɗai ba ta isa ba, domin Hausa tana da hanyoyi uku na fayyace irin wannan sauti.

7.2 Hanya ta Farko: Aro daga Sauran Gaɓoɓin Ji

Sauti abu ne da ba a gani, ba a kuma taɓawa. Saboda haka harsuna kan ari kalmomin taɓi da na ɗanɗano domin siffanta shi. Sisero, shahararren mai fasahar magana na birnin Rum, ya jera ire-iren murya a littafin da ya rubuta kan fasahar jawabi a shekara ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga cikin kalmomin da Rumawa ke amfani da su akwai asper, mai kaushi. Acutus, mai kaifi ko tsini. Da gravis, mai nauyi. Dukkansu asalinsu siffofin abin da hannu ke ji ne.

Haka Bahaushe ke yi. Dubi waɗannan misalai:

(a) kakkausar murya, daga kaushi
(b) tattausar murya, daga taushi
(c) zazzaƙar murya, daga zaƙi
(d) siririyar murya da kakkaurar murya, daga siranta da kauri

A nan akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. Inda Barume ke auna murya da kaifi da nauyi, Bahaushe ya fi auna ta da siranta da kauri, tamkar zare ko igiya. Har ila yau, ɗalibin Hausa yana cin gajiyar waɗancan kalmomin Latin ko da bai sani ba, domin daga acutus da gravis aka samo sunayen alamomin da ake ɗora wa wasula. Alamar gravis ce masana ke sanyawa a kan wasali don nuna karin sautin ƙasa a Hausa, kamar a kalmar àkwàatì.

7.3 Hanya ta Biyu: Keɓaɓɓen Suna ga Kowane Sauti

Latin tana da stridor ga sauti siriri mai ratsa kunne, irin na ƙyauren da ya yi tsatsa. Har yau likitoci na kiran shaƙaƙƙen numfashin wanda maƙogwaronsa ya toshe da wannan suna. Tana da clangor ga amon ƙahon yaƙi, da fragor ga ƙarar abin da ya rushe, da raucus ga muryar da ta dishe, da ululare ga kuka mai tsawo irin na kyarkeci ko na mata.

Hausa ma ta ware wa kowane sauti sunansa. Zaki ruri yake yi, kare haushi ko gurnani, doki haniniya, zakara cara, ɓera da 'yan tsaki tsuwa. Hadari yana rugugi, sannan a yi tsawa. Ciki yana ƙugi. A wajen ɗan'adam kuma akwai ihu da kururuwa na neman agaji, da ƙaraji na fushi, da hargowa ta taron jama'a, da guɗa ta murna. Wanda ya ce amarya ta shigo ana kururuwa, alhali guɗa yake nufi, ya mayar da biki gobara.

Fadar Gobir makaranta ce ta wannan fanni. Algaita tana da siririn amo mai huda kunne, kakaki yana da amo mai kaushi da ke kaiwa nesa, tambari kuwa amonsa mai kauri ne. Makaɗa Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da kotso yake kiɗa, kuma duk wanda ya saurari faifansa zai ji yadda amon kotso ya bambanta da na kalangu.

7.4 Hanya ta Uku: Amsa-kama

Amsa-kama kalma ce da ke kwaikwayon sauti ko yanayin abu, har mai sauraro ya ji kamar a gabansa abin ya faru. Masanin harsunan Bantu C. M. Doke ya fayyace ma'anar wannan rukuni a 1935, kuma ƙamusun Bargery na 1934 yana ɗauke da misalansa masu yawa a Hausa. A nan Hausa ta fi Latin wadata nesa ba kusa ba. Misali:

(a) Direba ya taka birki ƙiii.
(b) Sanda ta karye ƙas.
(c) Akuya tana tauna ƙurus-ƙurus.
(d) Kwanuka sun zube kwaram.
(e) Buhu ya faɗi tim.

Abubuwa uku ne ke fitowa fili. Na farko, amsa-kama takan ƙare da baƙi, alhali yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Na biyu, tunkuɗau irin su /ƙ/ da /ts/ da wasalin /i/ sukan raka sauti siriri ko busasshe. Na uku, ra-gare yakan bayyana a sauti mai karkarwa, kamar a gurnani. Rumawa ma sun yi wa harafin r laƙabi da harafin kare, saboda kamarsa da gurnani. Sai dai wannan rinjaye ne kawai, bai kai doka ba, tunda akwai /ƙ/ a "ƙauna" da /ts/ a "tsarki", kuma babu kaushi a ma'anarsu.

7.5 Karin Harshe da Aikin Malami

A karin harshen Sakkwato da Gobir, mahaɗin tamata yakan saje da baƙin da ke biye, sai a ji "ƙarat tsawa" da "muryas sarki" a madadin "ƙarar tsawa" da "muryar sarki". Wajibi ne malami ya koyar da daidaitacciyar Hausa a rubutu, ba tare da ya kushe wa yaro maganar gidansu ba.

Akwai kuma buƙatar gaggawa. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa dubban mutanen wannan yanki ƙaura, wasu har zuwa Jihar Maraɗi ta Nijar. Idan ƙauye ya watse, tsofaffin da ke riƙe da kalmomin noma da kiwo da ƙira sukan watse tare da shi, kuma kalmar da ba a rubuta ba tana iya ɓata cikin zuriya ɗaya.

7.6 Kammalawa

An ga cewa Hausa tana siffanta sauti mai kaushi ta hanyar aron kalmomin taɓi da ɗanɗano, da keɓe suna ga kowane sauti, da kuma amsa-kama. Ta yi tarayya da Latin a biyun farko, ta zarce ta a ta uku. Malamin da ya naƙalci waɗannan hanyoyi zai iya fitar da ɗalibansa daga dogaro da kalma ɗaya a insha'i da fassara.

7.7 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin ihu, ƙaraji, hargowa da guɗa, tare da sanya kowace a jimla.
2. Ta yaya Hausa da Latin suka bambanta wajen auna murya?
3. Ziyarci maƙera ko masussuka a garinku, ka tattaro amsa-kama goma daga bakin dattawa, ka rubuta su yadda aka furta su, sannan ka duba waɗanda babu su a Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.