"Ai yana ji, tunda yana kallon katun"

A ɗakin gwajin ji da magana inda nake aiki, ba amsar da ke ɓata min rai irin in tambayi uwa ko ɗanta yana ji, ta ce, "Yana ji mana, ai yini yake yana kallon katun." Makon jiya na sake jin ta.

Yaro ne ɗan shekara uku da 'yan watanni, tsaf-tsaf da shi, uwarsa da kakarsa ta wajen uba suka kawo shi. Ba ya cewa komai sai "mamma", sai wani gunji in yana son abu. Tun shigowarsu waya na hannunsa, Cocomelon na ta yi, an ƙure sauti. Na ce a karɓe. Ya zube ƙasa yana birgima. Kakar ta ce, "Likita, bar masa, ita kaɗai ke sa shi shiru." Na ce, "Hajiya, ai shirun ne ya kawo ku."

Da ya buɗe baki sai na ga tabo ƙarƙashin harshe. Aikin wanzami ne. Wata maƙwabciya ce ta ce linzami ya riƙe masa harshe, aka kai shi aka yanka, ya zubar da jini, bakin ya kumbura har ya kasa cin abinci. Da hakan bai yi ba, aka sayo wani ruwa a gora wajen masu talla da lasifika a mota, wai maganin buɗe baki, aka yi ta ɗura masa. Duk wannan yawon, ba wanda ya leƙa kunnensa. Sai da na matsa da tambaya uwar ta tuna cewa kafin ya shekara ya yi zazzaɓi mai zafi, kunnuwa biyu suka yi ta zubar da ruwa, mai kemis na unguwa ya jera masa allurar jentamaisin, ba awon nauyi, ba takardar likita. Na duba, dodon kunnen hagu a huje. Gwajin ji na ABR ya nuna raunin ji a kunnuwan biyu, kuma ba ƙarami ba.

Da ido yaron nan yake kallon katun ɗinsa. Launi da motsi ne ke riƙe shi. Fiye da shekara biyu waya ta rufe wa gida guda ciwon da ke gabansu. Yanzu sai likitan kunne, sai na'urar ji da kuɗinta ba wasa ba, sai doguwar jinyar koyon magana, kuma shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe sun yi nisa. Uban bai zo ba. Ta waya ya tambaya ko ba wani magani na ɗigawa da zai wadatar.

Uwar ba sakarya ba ce. Ɗinki take yi a gida, ga girki, ga goyo a baya. Da rana waya ke mata reno, da daddare a kunna fim ɗin Indiya na fassara, yaro na kan cinya har barci ya ɗauke shi. Na tambaye ta yaushe rabon da ta zaunar da shi ta nuna masa hoto a littafi. Ta yi dariya cikin kunya ta ce, "Ai bai isa karatu ba." Wa ya ce karatu? Ki buɗe hoto ki ce "ina akuya?" ki jira. Bai nuna ba yau, bai nuna ba gobe, kin kira sunansa ta baya bai waiwayo ba, ai kafin wata ya ƙare kin san akwai matsala. Waya ba ta tambayar yaro komai, ba ta kuma jiran amsarsa.

Ban ce waya na kurumtar da yaro ba, kada a yi min ƙari. Amma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida: ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. A ƙa'idar ce kuma aka ce a yi masa karatu, a ba shi labari. Ba sai littafi mai tsada ba. Tsohuwar kalanda ta isa, kwalin madara ya isa. In akwai Magana Jari Ce na Abubakar Imam a gidan, ki karanta labari ɗaya ki sake ba shi da bakinki daidai hankalinsa. Hajiyar nan da ke kare waya ta san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tun kafin a haife ni, kuma tatsuniya ba ta farawa sai yaro ya amsa.

Ga masu cewa katun ne zai koya wa yaro Turanci: ina ganin irin yaran nan, su rera haruffa daga A har Z, amma ba su iya cewa "ruwa" in ƙishi ya kama su.

Ku daina kai yara a yanka musu harshe. Linzamin da ke hana magana gaba ɗaya ban taɓa cin karo da shi ba. Ku daina allura a kemis. Kunnen da ke ruwa asibiti ake kai shi, ba a tsiyaya masa man ja ko a toshe da auduga a manta. Yaron da ya yi sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, a gwada jinsa ko da kuna ganin lafiyarsa ƙalau. Ya shekara ba ya waiwayowa ga sunansa, ba ya nuni da yatsa, a kawo shi. Ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, a kawo shi, kuma "babansa ma ya yi jinkirin magana" ba gwaji ba ne. Wanzami dai, don Allah, a bar shi ga aski.

Sai ku masu makarantun reno da ke karɓar kuɗin iyaye ku jera yara ashirin gaban talabijin daga safe har azahar. Malamar da ke zama da yara tana nuna musu hoto, tana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, ita ke fara gano wanda ba ya ji, sau da yawa kafin uwarsa. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo min da wuri, malamarsu ce ta ce a kawo su.