GIDAN KAMFANI: AIBIN DA FENTI YA RUFE, A WUYAN WA YAKE?



'Yan uwa, hanyar mallakar gida ta sauya a manyan garuruwanmu. A da mutum fili yake saye, ya kira birkila, ya tsaya a kansa, yau a ɗora bulo ɗari, gobe a dakata sai kuɗi sun samu. Yanzu kuwa a Abuja da Kaduna da Kano, kamfani ne ke yanka fili ya jera gidaje iri ɗaya ya sayar, wani ma tun gidan yana zane a takarda ake fara biya. Cinikin halal ne, kuma ya sauƙaƙa wa ma'aikata da yawa. Sai dai tambayar da ake yawan kawo mini kusan iri ɗaya ce: "Malam, na gama biya, na tare, damina ɗaya bango ya tsage, silin yana zuba, kamfani ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Ina da haƙƙi?"

Yana da shi. Amma kafin hukunci, bari mu fara sanin inda aibin yake ɓuya.

INDA AKE RAGE AWO

Mai gina wa kansa yana zuba kuɗi a abin da zai daɗe. Mai ginin sayarwa kuwa, jarabawarsa ita ce ya zuba kuɗi a abin da ido ke gani: tayil mai ƙyalli, silin mai ado, fitilu, ƙofar waje mai nauyi. Abin da ke riƙe da gidan duk yana ƙarƙashin filasta da fenti, a can ake cin amana.

Na farko, bulo da kankare. Buhun siminti kilo 50 ne, ba ya ƙaruwa. Idan aka matsa masa ya fitar da bulo fiye da ƙima, yashi aka ƙara, shi ya sa za ka ga bulo yana marmashewa idan ka kankare shi da makulli. Haɗin kankare da magina suka sani shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Bayan an zuba, yana son ban-ruwa na aƙalla kwana 7, kuma a kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Mai gaggawar miƙa gidaje hamsin ba ya son wannan jiran. Ga kuma rodi: zane ya ce mai milimita 16, a sa mai 12. Da zarar kankare ya rufe shi, sai Allah sai wanda ya sa.

Na biyu, danshi. Wasu rukunin gidajen a fadama aka yi su, ko a tsohon kududdufin da aka cike da shara da ɓaraguzai. Irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama bayan an gama gini, sai tushe ya motsa, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa. Idan kuma ba a shimfiɗa ledar tare danshi ba kafin daɓe, ruwan ƙasa zai riƙa hawa bango, fenti ya kumbura, farin gishiri ya fito a gindin ɗaki. Sake fenti ba ya maganin wannan, ɓoye shi kawai yake yi zuwa wata daminar.

Na uku, rufi. Yayin da ake yi yanzu shi ne ɓoyayyen rufi, a ɗaga bango ya rufe kwano don gida ya yi kama da na hoto. To ruwan saman gaba ɗaya a wata 'yar kwata ta kankare yake taruwa a bayan bangon. Idan ba a yi mata gangara ba, ko bututun fitarta ya yi ƙanƙanta, ko ganye da leda suka toshe shi, ruwa ba shi da wajen zuwa sai cikin silin. Kakanninmu da suka sa indararo mai tsawo a soro sun san cewa ruwa nesa da bango ake kai shi.

Na huɗu, famfo da wayar wuta. Bututu mai araha da siririyar waya duk a cikin bango ake binne su. Ɗaya yana jiƙa gida a hankali, ɗayan yana ɗaukar zafi idan aka ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga, har ya jawo gobara.

Na biyar, shi kansa fasalin. An kwafo zanen da ba a yi shi don zafinmu ko zamanmu ba. Ɗaki da taga ɗaya, iska ba ta ratsawa, idan wuta ta ɗauke a watan Afrilu sai a koma kwana a mota. Baƙo namiji ba ya isa falo sai ya ratsa ta gaban kicin. Babu tsakar gida, babu wajen shanya. Tagar benen wannan tana kallon cikin gidan wancan. Wannan na ƙarshen tsohuwar mas'ala ce a fiƙihunmu. Ibnur Rami, magini ne a birnin Tunis a ƙarni na 8 na Hijira, alƙalai suna aika shi duba gine-ginen da ake rigima a kansu, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, kuma tagar da ke leƙa gidan maƙwabci tana cikin cutarwar da ya yi bayanin hana ta.

Kada wani ya ɗauka maganar ado ce kawai. Ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa don sayarwa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, mutum sama da 40 suka rasu, har da shi mai ginin. Unguwar masu kuɗi ce fa, ba ta talakawa ba.

ME SHARI'A TA CE?

Asalin babin shi ne hadisin Abu Huraira da ke Sahihu Muslim. Annabi (SAW) ya wuce mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki, ya ji jiƙa. Busasshen yana sama, jiƙaƙƙen yana ƙasa. Ya tuhume shi a kan rashin fito da jiƙaƙƙen inda mutane za su gani, kuma ya nesanta kansa daga mai algus. Ku duba da kyau: ba a ce mutumin ya yi ƙarya da bakinsa ba, jera kayan kawai ya yi. Bangon da ya tsage aka cike aka shafe da fenti ana gobe masu saye za su zo, wannan tsibin ne sak.

Malaman Malikiyya sun kasa aibin gida kashi uku. Akwai ɗan ƙarami wanda ba ya rage kuɗin gida, wannan ba a komawa kansa. Akwai matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron ta kayar da gida: ba a warware ciniki, amma a ƙiyasta abin da aibin ya rage a mayar wa mai saye. Sai babba, wanda ake tsoron rushewa saboda shi, ko ya yanke wani amfani na gidan: mai saye yana da zaɓin mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Sharaɗin shi ne aibin ya kasance tun kafin ciniki, kuma mai saye bai san shi ba. Idan ya gano kuma ya yi abin da ke nuna ya yarda, haƙƙinsa na mayarwa yana iya faɗuwa, don haka a yi magana da wuri. Wanda kuma ya san aibi ya ɓoye, rubuta "an sayar yadda yake" a takarda ba ya wanke shi a mazhabarmu.

Shi kuwa gidan da aka biya tun ba a gina ba, sunan cinikinsa istisna'i, wato sa mai sana'a ya ƙera maka abu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da cewa yana ɗaure ɓangarorin biyu idan an bayyana nau'i da adadi da siffa da lokacin miƙawa, ta halatta biya kashi-kashi, ta kuma halatta a sa sharaɗin tara. Ke nan siffar da aka rubuta bashi ce a wuyan kamfani. A Masar ma, dokar ƙasa ta ɗora wa mai zane da ɗan kwangila lamunin gini na shekara 10 idan ya rushe ko aibi mai barazana ga ƙarfinsa ya bayyana.

GA MAI NIYYAR SAYE

Ka je duba gida da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka kalli gindin bango da silin da inda ruwan layin yake bi. Ka shiga gidajen da kamfanin ya miƙa shekara biyu ko uku da suka wuce, ka tambayi mazauna ciki, su ne shaidun gaskiya, ba dillali ba. Ka ɗauki injiniya mai rajista da COREN wanda kai ka biya shi, ba na kamfanin ba. Idan ana kan gini ne, ya je ranar ɗaure rodi, kafin a zuba kankare. A takarda kuma kada ka yarda da "kaya masu inganci". A rubuta girman rodi, kaurin kwano, girman waya, da ranar miƙa makulli. Sannan ka nemi a bar wani kaso na kuɗin a hannunka har damina ɗaya ta wuce. Riƙe kaso irin wannan sanannen abu ne a kwangilar gini, ba rashin yarda ba ne.

Ku kuma 'yan uwanmu masu kamfani da 'yan kwangila da birkiloli, akwai masu amana a cikinku, mun san su, Allah Ya ƙara musu albarka. Saura kuwa su tuna cewa wanda ya sayi gidan nan wataƙila kuɗin sallamarsa na shekara 35 a aikin gwamnati ya zuba, ko gadon marayu ne. Idan siminti ya yi tsada, a ƙara kuɗin gida a faɗi gaskiya, ko a rage ado a bar ƙarfi. Buhu goman da ka rage a dekin, yara ne za su kwana a ƙarƙashinsa.

Allah Ya tsare mu daga cin haram, Ya ba mara gida nasa mai albarka.

Wallahu a'alam.