Yadda Za Ka Haɗa Ƙaramar Kantar Littattafai a Gida

Ya ƴan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu muna tara littattafai a kwali ko a kan tabarma. Idan damina ta zo, danshi ya kama su, gara ta shiga. Ka ɗaga Ahalari ko Risala ka tarar rabin shafin ya zama ƙasa. Maganin wannan shi ne ƙaramar kanta, kuma kana iya haɗa ta da hannunka cikin yini guda.

Kayan da za ka tanada su ne katako busasshe mai faɗin santimita 25 da kaurin santimita 2, zarto, guduma, ƙusoshi masu tsawon santimita 5, gam ɗin katako, abin awo, fensir, da takardar goge katako. Ka nemi kuma siririn falle irin wanda ake sa wa bayan kabad. Kar ka yarda a ba ka ɗanyen katako, domin idan ya bushe murɗewa yake yi.

Ka fara da awo. Ana buƙatar gefe biyu, kowanne mita 1, da hawa huɗu, kowanne santimita 60. Jimilla mita 4 da santimita 40 ke nan, don haka ka sayi mita 5 saboda abin da zarto zai ci. Ka auna sau biyu kafin ka yanka, don katakon da ya gaje ba ya ƙaruwa. Kar kuma tsawon hawa ya wuce haka da yawa, littattafai nauyi gare su, sai tsakiyar ta lanƙwashe.

Daga nan ka jera gefen biyu kusa da juna, ka ja layi a kansu lokaci ɗaya don su zo daidai. Hawan ƙasa ya tashi santimita 10 daga daɓe, saboda ruwa da shara. Ka bar santimita 30 a samansa don ƙamus da manyan mujalladai, sauran wurare biyun kuma santimita 26 kowanne. Na huɗun shi ne rufi.

Ka goge kowane yanki har ya yi sumul, ka shafa gam a bakinsa, sannan ka buga ƙusa uku a kowace mahaɗa. Kafin ka buga, ka ɗan dakushe tsinin ƙusar da guduma, haka na rage tsagewar katako.

To, ga inda aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Tun gam bai bushe ba, ka kwantar da kantar, ka auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya zo ɗaya, kanta ta miƙe. In ba haka ba, ka matsa kusurwar da ta fi tsawo har su daidaita. Sai ka buga fallen baya, mai faɗin santimita 64. Shi ne ke riƙe ta kar ta karkace. Kantar da ba ta da baya, yau tana tsaye, gobe ta jingina kamar mai jin barci.

A ƙarshe ka shafa mata fenti, musamman ƙafafu, ka bari ta bushe sosai. Ka ɗora ta a kan bulo, kar ƙafar ta taɓa ƙasa, domin ta nan gara ke hawa. Littattafai masu nauyi su zauna a ƙasa, don kar ƙannenka su jawo ta ta faɗo musu. Alƙur'ani kuwa a hawan sama, ba a ɗora komai a kansa. Duk mako ka leƙa bayanta, in ka ga hanyar gara ka kankare nan take.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.